Max Euwe: malamin lissafin da ya karɓe kambun dara daga hannun Alekhine

A fadarmu da ke nan Tahoua dara iri biyu ake yi bayan la'asar: ta gargajiya wadda dattawa ke tona wa gurabe a cikin rairayi, da ta Turawa wadda muke kira eshek, wadda mu malaman lise muka fi zama a kanta har shayi na uku ya sauka. A makon jiya wani abokin aikina ya ce, cikin dukan waɗanda suka taɓa riƙe kambun duniya na wannan wasa, Max Euwe na ƙasar Holand ne kaɗai ya same shi da sa'a, domin wai abokin karawarsa giya ce ta kayar da shi. Maganar ta tsaya mini a rai, domin na daɗe ina bin wasanninsa ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da na gani a cikinsu bai yi kama da tsintuwa ba.

An haifi Euwe a Amsterdam a 1901, ya karanta lissafi a jami'ar birnin har ya sami digirin dokta a 1926, sannan ya shafe shekaru yana koyar da lissafi a wata makarantar sakandare ta ƴan mata. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata a riƙe game da shi. Manyan abokan hamayyarsa da dara suke ci suke sha, shi kuwa sai ya gama darasi, ya duba takardun ɗalibai, kafin ya shimfiɗa allonsa, kuma yawancin gasannin da ya shiga a lokacin hutun makaranta ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji tun safe har azahar ya san abin da ke rage wa mutum na ƙarfin tunani da dare. A haka ya ci gasar ƙasarsa sau 12, ya zama zakaran duniya na waɗanda ba sana'arsu ba ce a 1928, kuma a gasar Hastings ta ƙarshen 1934 ya raba matsayi na ɗaya da mutum biyu, ya bar Capablanca, tsohon zakaran duniya, da Botvinnik, wanda ya zama zakaran duniya daga baya, a bayansa. A Zurich ma a shekarar 1934, ya doke Alekhine, zakaran duniya na lokacin, a wasan da ya haɗa su. Ashe ba daga sama ya faɗo ba.

Karawar neman kambu ta 1935 wasa 30 aka yi, ana yawo da ita gari-gari a cikin Holand daga watan Oktoba zuwa Disamba. Alexander Alekhine, haifaffen Rasha da ke zaune a Faransa, shi ne ke riƙe da kambun tun 1927, kuma bayan wasa 9 yana gaba da maki 6 da 3. A irin wannan hali mutane da yawa kan sare, amma Euwe ya ci gaba da rage tazarar sannu a hankali har ya kamo shi, ya wuce, aka tashi yana da maki 15 da rabi, Alekhine 14 da rabi: ya ci wasa 9, an ci shi 8, an yi kunnen doki 13. Gaskiya ne an yi ta maganar shan Alekhine a lokacin, amma mutumin da ya ci wasa 8 a kan ɗan takara irin wannan ba za a ce hankalinsa ba ya jikinsa ba. Wasa ɗaya ana iya samunsa da sa'a; wasa 30 cikin wata biyu da rabi sai da shiri da juriya.

Wasa na 26, wanda aka buga a garin Zandvoort kuma ake yi wa laƙabi da lu'ulu'un Zandvoort, shi ne ya fi nuna salonsa. Euwe yana da farare, ya ba da ɗaya daga cikin manyan ƴaƴansa ya karɓi ƙananan sojoji uku a madadinsa, sannan ya tura sojojinsa na tsakiya gaba kafaɗa da kafaɗa har baƙaƙe suka rasa wurin numfashi. Mutane sukan ɗauka cewa malamin lissafi zai yi wasa mai sanyi, na taka-tsantsan, amma Euwe ba ya gudun rikici a kan allo matuƙar ya ƙirga ya ga inda zai ɓulle. Ƙarfinsa yana wuri biyu: ya san mabuɗan wasa kamar yunwar cikinsa, a zamanin da babu kwamfuta sai katunan da mutum ya rubuta da hannunsa, kuma yana iya bin dogon lissafi na in na yi kaza zai yi kaza har ƙarshensa. Ko a fagen ilimi bai raba abubuwan biyu ba, domin a 1929 ya wallafa wani nazari inda ya nuna da hujjar lissafi cewa, a ƙarƙashin wata dokar maimaita motsi da ake amfani da ita a lokacin, wasa yana iya ci gaba har abada ba tare da ya ƙare ba.

Wasan da na fi so in nuna wa ɗalibaina shi ne wanda ya yi da Efim Geller a Zurich a 1953, yana da shekara 52, Geller kuwa matashi mai zafin kai hari daga Tarayyar Sobiyet. Na jera shi a allonmu na katako wanda dokinsa ɗaya ya ɓata muka maye gurbinsa da marfin kwalba. Geller ya kwaso rundunarsa ya yi wa sarkin Euwe ƙawanya, sarauniyarsa ta shiga har gurbin h7 (kowane gurbi a allon da harafi da lamba ake kiransa), kowa ya ga kamar magana ta ƙare. A motsi na 22 sai Euwe ya ɗauki hasumiyarsa ya ajiye a h8, daidai bakin sarauniyar, ba tare da mai tsaronta ba. Wata ɗalibata ta zuba wa allon ido, ta ce: "Mushe, ai kyauta ya ba shi." Na ce ta ci hasumiyar ta gani. Da ta ɗaga sarauniyar zuwa h8, sai ta lura da kanta cewa gurbin c2, wanda sarauniyar ke tsare da shi daga nesa, ya zama babu kowa, ɗayar hasumiyar Euwe ta faɗa can, kuma a motsi na 26 Geller ya miƙa wuya. Masu nazari sun nuna daga baya cewa Geller yana da hanyar tsira a motsi na 24, kuma wannan bai rage wasan a idona ba, domin gano ta a gaban agogo mai tafiya wani abu ne dabam.

Yana da rauni, kuma ba zan ɓoye shi ba: wani lokaci yakan yi kuskure mai sauƙi a tsakiyar kyakkyawan wasa, ya zubar da aikin sa'o'i. A 1937 Alekhine ya dawo da shiri sosai ya karɓe kambunsa yana da maki 15 da rabi, Euwe 9 da rabi, kuma a gasar neman kambu ta 1948 ta mutum biyar, wadda Botvinnik ya lashe, Euwe ne ya zo na ƙarshe da maki 4 cikin 20. Sai dai ita kanta karawar 1937 tana cikin abin da ya sa nake girmama shi. A wancan zamani kambu kamar dukiyar mai riƙe da shi ne, shi ke zaɓen wanda zai kara da shi, kuma Alekhine bai taɓa sake ba Capablanca dama ba bayan ya kayar da shi. Mu da muka saba ganin mai takobin kokowa yana komawa fili kowa ya gwada shi, mun san darajar wanda ya cika alkawari ya sake tsayawa gaban mutumin da ya fi kowa haɗari gare shi cikin shekara biyu kacal.

Wannan hali ne ya kai shi shugabancin hukumar dara ta duniya, FIDE, daga 1970 zuwa 1978, lokacin da yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Sobiyet ya shigo har kan allo. A Reykjavik a 1972, da Bobby Fischer na Amurka ya ƙi isowa a kan lokaci, Euwe ya ɗage buɗe karawar Fischer da Boris Spassky na Sobiyet, mai riƙe da kambu, da kwana biyu, ya amsa a fili cewa ya taka doka, kuma da bai yi haka ba da wataƙila ba a buga ta ba. Da Viktor Korchnoi, babban ɗan wasan Sobiyet, ya nemi mafaka a Holand a 1976, hukumar dara ta Sobiyet ta so a hana shi neman kambu, Euwe ya ƙi. Ya kuma yi tafiye-tafiye masu yawa yana jawo ƙasashen Afirka da Asiya cikin hukumar. Ya rasu a Amsterdam a watan Nuwamban 1981, kuma a birnin akwai dandali mai sunansa da babban allon dara a ƙasa, inda masu wucewa ke tsayawa su buga.

Na yi wa abokin aikina alkawarin kawo wasa na 26 fada ranar Asabar, shi ya riƙe baƙaƙen Alekhine daga motsi na 21, ya nuna mana inda zai tsayar da sojojin nan na tsakiya.