Inda na kai da tara battocin ashana na azurfa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo irina. Ga inda aka kwana: yanzu alhamdulillahi in aka miƙo min battar ashana ta garin Birmingham na Ingila wadda aka yi tsakanin 1900 da 1914 ina iya faɗin shekararta ba sai na buɗe littafi ba, na kuma fara gane wadda aka goge wa suna, kuma wannan na biyun shi ya fi tsaya min a rai don haka a kansa zan fi daɗewa yau.

Saboda sababbin shiga bari in ɗan koma baya. Abin da muke tarawa 'yar batta ce ta azurfa da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, mai murfi da hinji da ɗan sifirin a ciki da ke sa murfin ya rufe ƙyas, a gindinta akwai wani ɗan kwari mai ƙaiƙayi inda ake ƙyasta ashanar, yawanci kuma da ɗan zobe a gefe don a maƙala ta a sarƙar agogon aljihu ta kwanta a aljihun falmaran. Mutanen Ingila suna ce mata vesta case, to da wannan sunan za ku nema a wajen gwanjo. Dalilin yinta ba ado ba ne da farko, ashanar wancan zamanin a ko'ina ka goga ta kamawa take, in ka zuba ta haka kawai a aljihu tana gogar juna to kana iya tashi da wuta a jiki. John Walker na garin Stockton ne ya fara sayar da ashanar gogawa a 1827, amma battocin da muka fi samu a kasuwa na tsakanin 1890 ne zuwa wajen 1920, lokacin da duk wanda zai kunna lofe ko sigari ko kyandir ko fitilar gas sai da ashana a jikinsa, daga nan laita ta zo ta kashe musu kasuwa.

Maganar hatimi. Wallahi tsarin da Turawan Ingila suka yi wa azurfarsu abin a yaba ne, kowace batta ta gaske tana ɗauke da 'yan tambura a jere, galibi a leɓen da murfi ke rufewa a kai, sai ka buɗe ka sa madubin ƙara girma kafin ka gansu da kyau. Zaki mai tafiya ya ɗaga ƙafa ɗaya yana nufin azurfar ta kai kashi 925 cikin 1000. Sai alamar garin da aka gwada ta: ankar jirgin ruwa Birmingham ke nan, kan damisa Landan, kambi Sheffield a wancan lokacin, damin alkama uku da takobi kuma Chester, wanda aka rufe ofishinsa a 1962. Sai harafi ɗaya na shekara, sai haruffan kamfani ko mutumin da ya kai kayan gwaji. In kuka ga kan sarauniya Victoria a cikin jerin to alamar an biya haraji ce, kuma an daina buga ta a 1890, ke nan da ganinta ka san battar ba ta wuce wannan shekarar ba.

Yadda na haddace na Birmingham: ƙaramin a shi ne 1900, b 1901, haka ka yi ta ƙirgawa, abin da za ka kiyaye kawai shi ne babu j a wannan zagayen, daga i na 1908 sai k na 1909, p kuma ya faɗa 1914. Amma harafin shi kaɗai ba ya isa fa, sai ka haɗa da salon rubutunsa da siffar ɗan filin da aka buga shi a ciki, don kowane zagaye yana sake amfani da haruffan nan, kuma kowane gari da nasa lissafin, 1900 a Landan e ne. Sannan a Birmingham a tsakiyar shekara suke canja harafi a wancan lokacin, shi ya sa za ku ga dillalai na rubuta shekara biyu manne da juna. Ku riƙa duba murfin ma, ya kamata a samu zaki da harafin shekara iri ɗaya da na jikin, in sun saɓa to an yi wa battar aure da murfin wata. In kuwa EPNS kuka gani to ruwan azurfa ne aka yi wa wani ƙarfe, ba laifi a saya in tana da kyau amma kada a karɓi kuɗin azurfa a hannunku.

To yanzu ga abin da ya dame ni. Duk wannan hatimin labarin battar yake ba ka, gari kaza, shekara kaza, kamfani kaza, amma mutumin da ya riƙe ta a aljihu shekara da shekaru ba ya cikin hatimi. Shi yana wajen haruffan da aka zana a tsakiyar fuskarta, da inda babban yatsansa ya cinye zanen furanni har wurin ya yi santsi kamar ƙwayar tasbahar da ta daɗe a hannun mai ita, da lotsawar gefe, da baƙin da ya maƙale a wurin ƙyastawa. Kuma abin takaici waɗannan su ne abubuwan da ake fara sharewa in ana son batta ta yi tsada.

Akwai wata da nake da ita, anka, zaki, ƙaramin d, wato 1903. Nauyinta bai kai giram 30 ba. A fuskarta an zana haruffa uku sun sarƙe da juna irin rubutun nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da sai ka juya ta a haske kafin ka raba su, kuma gefen hagu na sama ya fi ko'ina cinyewa, na gwada buɗe ta da hannun dama yatsana bai faɗa wurin ba, da na koma hannun hagu sai ya zauna daram. Tun daga ranar nake kallon mai ita a matsayin bahago. Ruwan zinaren da ke ciki, wanda ake yi don kada farar wutar ashana ta baƙanta azurfar, ya kusa ƙarewa a ƙasa, kwarin ƙyastawa ya lashe har haƙoran sun kwanta, zoben ma ya sirance ta wajen da sarƙa ke ja. Wannan mutum bai ajiye ta a durowa ba, kullum tana jikinsa. Kuma in na kalli d ɗin nan ba na iya hana kaina tuna cewa a wannan shekarar ce sojojin Ingila suka shiga Kano da Sakkwato. Ban ce mai ita ya taka ƙasarmu ba, babu abin da ya nuna haka a jikinta, amma irin mutanen da suka zo ɗin irin kayan da ke aljihunsu ke nan, kuma ko a Birmingham ya yi rayuwarsa duka to a jaridar da yake karantawa yana kunna lofensa labarin ya iske shi.

Akwai kuma ta 1914, ita sabuwa fil kamar ba a taɓa ta ba, haruffa biyu a gaba, a baya an rubuta wata da shekara, haƙoran ƙyastawa da kaifinsu, ruwan zinare cif. Da farko murna mutum zai yi ya samu mai kyau. Amma batta kayan amfani ce, in ta kai shekara ɗari da ɗoriya babu ko ƙwarzane to wani dalili ya hana a yi amfani da ita, kuma kowa ya san Yaƙin Duniya na Ɗaya da ya fara wa Ingila a watan Agustan 1914 da yawan samarin da suka tafi Faransa ba su dawo ba. Yana iya yiwuwa dai mutumin ba ya shan taba ne aka ba shi kyauta ya ajiye, ina faɗa wa kaina haka, amma gaskiya ita ce na fi ɗauka a hankali cikinsu duka.

Shi ya sa goge suna yake min ciwo. Dillali ya ga mai saye ba zai so haruffan wani a kan kayansa ba sai ya kai a kankare wurin a goge shi ya yi ƙyalli, a ce maka ba a taɓa zana komai ba. Yadda nake ganewa yanzu: ka karkata ta a hasken taga, wurin da aka kankare yana ɗan kwanciya ƙasa da sauran jikin kuma hoton da ke cikinsa yana lanƙwasa, ka danna a hankali da yatsa za ka ji ya fi laushi don azurfar ta sirance, zanen da ke kewaye da filin kuma bakinsa ya dushe ta ciki alhali ta waje da kaifinsa. Wani lokaci in ka hura mata numfashi inuwar tsofaffin haruffan tana bayyana na ɗan lokaci. Na ajiye wa kaina doka ba na sayen irin wannan, ba don ta rage daraja kawai ba, don in muna saye za a ci gaba da yi. Akwai dai waɗanda tun asali ba a zana musu komai ba, waɗannan filinsu a miƙe yake da kauri ɗaya da ko'ina.

Wanki ma haka nake bi da shi yanzu, kaɗan-kaɗan. Ruwan ɗumi da ɗan sabulu mai laushi, tsohon buroshin haƙori mai taushi, a busar da ita sosai musamman ciki saboda sifirin ɗin ƙarfe ne yana tsatsa, sannan a shafa da ƙyallen goge azurfa sama-sama. Ban da tsoma ta cikin ruwan maganin nan mai cire baƙi nan take, yana cire har baƙin da ke cikin ramukan zane wanda shi ke fito da zanen, ban da man goge baki, ban da toka, ban da soson ƙarfe. Kada a goge kan hatimi kwata-kwata, in ya shafe ya tafi ke nan. Kada kuma a ɗaure ta da roba ko a ajiye ashana a ciki, duk suna baƙanta ta. In kun ga toka-tokan liƙi a wajen hinji to gyaran darma ne, ku rage kuɗi ko ku wuce.

Wani abin da nake so mu riƙa tunawa in muna maganar masu battocin nan shi ne waɗanda suka yi abin da ake zubawa a ciki. Ashanar nan da wani sinadari mai suna farin fosfaras ake yinta a lokacin, kuma yana cin ƙashin muƙamuƙin masu aikinta har ya ruɓe. A watan Yulin 1888 mata da 'yan mata wajen 1,400 na masana'antar Bryant & May da ke unguwar Bow a gabashin Landan suka yi yajin aiki kan ƙarancin albashi da tarar da ake yanka musu, kuma sai a 1910 dokar hana farin fosfaras ta fara aiki a Birtaniya. Ke nan battata ta 1903 ta yi shekarunta na farko ne a zamanin da ake halatta wannan ashanar. Mai falmaran da sarƙar agogo an zana sunansa a azurfa, yarinyar da ta cika kwalin ashanar kuwa ko haruffa biyu ba ta samu ba, ni dai tunda na san wannan ba na iya ganin ɗaya ban tuna ɗayar ba.

Wani ɗan uwa ya tambaye ni batun zakka, tambaya ce mai kyau. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wajen giram 595, kuma in kowace batta tana kai giram 25 zuwa 30 to ba a jima ake kaiwa ba in ana tarawa da gaske. Ni na sayi ɗan sikeli ina rubuta nauyin kowace a littafina tare da gari da shekara da haruffan mai kai gwaji da abin da aka zana, sauran hukuncin kuma kowa ya kai wa malaminsa.

Abin da zan fuskanta nan gaba biyu ne. Na farko haruffan Chester, su nasu zagayen ya fara ne a 1901 da manyan haruffa masu lanƙwasa waɗanda wasunsu ke kama da juna sosai, kuma battoci da yawa a can aka gwada su don haka ba makawa sai an iya. Na biyu ina neman batta mai cikakken rubutu irin wadda abokan aiki ko ƙungiyar wasa ke ba mutum kyauta, mai suna da gari da shekara, saboda ƙidayar jama'ar Ingila ta 1901 da 1911 da 1921 duk a buɗe suke ana iya bincikawa ta intanet, in aka samu suna da gari to ana iya kaiwa ga sana'ar mutum da titin da ya zauna da waɗanda ke gidan tare da shi. Irin waɗannan wasu dillalan ma rage musu kuɗi suke yi wai rubutu ya yi yawa. Don Allah duk wanda ya ci karo da irinta a gwanjo ko a kasuwar Portobello ta Landan ranar Asabar ya ɗauko min hoton rubutun da na hatimin, a hasken rana, kuma kada a goge ta kafin a ɗauka.