Clear, definite, explicit: ba ma'anarsu ɗaya ba

Masu rubuta wasiƙar ofis da Turanci, akwai abin da ke damuna a takardun da ake kawo min dubawa. Ana zuba clear da definite da explicit kamar duk abu ɗaya suke nufi.

Clear ita ce magana mai sauƙin ganewa. Definite kuma abin da aka tsayar, kamar a definite date, ranar da aka riga aka yanke. Kada a rikita ta da definitive, wato hukuncin ƙarshe da ba a sake komawa kansa. Ita kuwa definitely, wato tabbas, a kula wajen rubuta ta: babu harafin "a" ko ɗaya a cikinta.

Inda aka fi zamewa shi ne explicit. Ma'anarta an faɗi abu ƙarara, ba a bar mai karatu yana laluben nufi ba, kishiyar implicit ke nan. Explicit instructions daidai ne. Amma da zarar ta haɗu da content ko photos, ta koma batsa, don haka idan hoto mai fitowa sosai kake nema, clear za ka rubuta.

A yarjejeniyar haya ko bashi, unambiguous ake so, maganar da ba ta ɗaukar fassara biyu. Dubi 03/04/2025: ɗan Amurka zai karanta 4 ga Maris, ɗan Ingila 3 ga Afrilu. Rubuta sunan watan, rigima ta ƙare.

Obviously kuma, wato "ai a fili yake", a wasiƙa zuwa ga na gaba da kai, tana iya zama raini. Gara ka cire ta.