Ranar da sabar Alhaji ta ƙi tashi a Kwari

Wani Alhaji mai dilolin atamfa a Kantin Kwari ya ba ni aikin ɗora masa manhajar lissafin kaya a kan wata kwamfuta da muka mayar saba, wato injin da sauran na'urori ke ɗaukar bayanai daga gare shi, mai tsarin Linux na Ubuntu 22.04, a saman shagonsa. Manhajar tana karɓar kalmar sirrin rumbun bayanai ne ta wani saitin muhalli, wato suna da ƙimar da ake miƙa wa manhaja lokacin tayar da ita, mai suna DB_PASSWORD. Na buɗe taminal, wato tagar buga umarni, na sa saitin da umarnin export, na tayar da manhajar da hannuna, lafiya lau. Na zuba layin a .bashrc ɗina, fayil ɗin da ake karantawa duk lokacin da na buɗe taminal, don kada ya ɓata, na rubuta wa manhajar sabis a systemd, wato tsarin da ke tayar da manhajoji da kansa idan an kunna injin, amma ban kashe injin na sake kunnawa na gani ba.

Bayan kwana uku aka ɗauke wuta, batirin inbata ya ƙare. Ana idar da Azahar sai ga kira.

"Injiniya, yara sun kasa fitar da rasit, ga 'yan sari daga Nijar a tsaye."

"Ranka ya daɗe, ga ni nan tafe."

Da na duba journalctl, mai nuna rahotannin sabis-sabis, sabis ɗin cewa yake babu kalmar sirri. Ni kuwa ina buga umarnin echo a taminal don ganin saitin sai ga ta a gabana. Na kwashe ta na mayar /etc/environment, a tunanina nan ne na kowa da kowa. Shiru. Ashe PAM, mai tantance masu shiga injin, shi ne ke karanta wannan fayil lokacin da mutum ya shiga da sunansa, sabis kuwa ba ya bi ta wannan ƙofa.

A nan na gane cewa abin gado ne. Kowace manhaja tana gadon saitin wadda ta haife ta, kuma a lokacin haihuwar kaɗai. Abin da na tayar daga taminal ɗan taminal ne, ya gaji export ɗina. Sabis kuwa ɗan systemd ne, mai lamba 1 a jerin ayyukan injin, bai haɗa komai da .bashrc ɗina ba. Ko da saitin ya canza daga baya, wanda aka riga aka haifa ba zai ji ba sai an sake tayar da shi.

Da systemctl edit na buɗe wa sabis ɗin override.conf, fayil ɗin ƙara masa saiti. Abin da ba sirri ba, irin su TZ=Africa/Lagos, na sa shi a Environment=. Kalmar sirri kuwa ban yarda ta zauna nan ba, don duk mai shiga injin zai iya ganin ta da systemctl show, ga shi yaran shago suna shiga. Na ware mata fayil nata, mallakar root, babban asusun injin, izini 600, wato shi kaɗai ke iya karantawa, na nuna shi da EnvironmentFile=. A cikinsa suna ne da ƙima kawai, babu export, domin ba bash, mai karɓar umarni a taminal, ke karanta shi ba. Na sake tayar da sabis, na leƙa /proc, inda injin ke nuna bayanan ayyukan da ke gudana, ƙarƙashin lambar sabis ɗin, na ga kalmar sirrin a fayil ɗin environ.

Sai na tuna da kwafin ajiya na dare da na bar wa cron, mai gudanar da ayyuka a lokacin da aka tsara. Shi ma bai san .bashrc ba, kwana ukun nan ko kwafi ɗaya bai ɗauka ba. Wannan ya fi tayar mini da hankali, don bashin da Alhaji ke bin mutane duk yana ciki. Na mayar da shi kan timer na systemd mai karanta fayil ɗin nan.

Kafin Magariba na nemi izinin Alhaji, na kashe injin gaba ɗaya a gabansa, na kunna. Ban taɓa komai ba, yaron kanta ya danna, rasit ya fito.