Lambu a Ƙarshen Damina: Ruwan da Ya Kwanta a Gindin Itace

A Garwa, arewacin Kamaru, watan Agusta ne ruwa ya fi ƙarfi, kuma a lokacin ne lemu ke fara mutuwa ba tare da mai shi ya sani ba. Ramin da muke zagayawa a gindi don riƙe ruwan ban-ruwa da rani, shi ne ke zama matsala. Da zarar damina ta kankama nakan fasa bakinsa, in ja 'yar magudana ruwa ya fice, musamman a baƙar laka da ba ta tsotse ruwa da wuri.

Ruwan da ya kwanta yana jawo ciwon ruɓewar gindi. Alamar ciwon ita ce danƙo yana tsatsowa daga ɓawon gindi, ɓawon ya yi duhu ya tsage, ganye kuma ya koma ɗorawa. Ƙwayar cutar tana cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne. Na janye ƙasar da ta rufe gindi har sai wurin auren dashen, wato inda aka haɗa reshe da gindi, ya fito sama da kamar taƙi guda. Sannan na kankare ruɓaɓɓen ɓawon da wuƙa mai tsabta, na wuce iyakarsa da santimita 2 zuwa lafiyayyen jiki, na shafa maganin kashe ƙwayar cuta mai sinadarin jan ƙarfe da na kwaɓa ya yi kauri. Idan ciwon ya riga ya zagaye gindin gaba ɗaya, magani ba zai dawo da itacen ba, gara a cire shi.

Ciyawar da ake shimfiɗawa a gindi ma kada ta taɓa jikin itacen. Tana riƙe laima, gara kuma na biyo ta da zarar ruwa ya ɗauke.

Kauci kuwa tsuntsaye ne ke kawo irinsa. Tsinke shi banza ne, domin saiwarsa na cikin reshe, zai sake tohowa. A sare reshen santimita 30 ƙasa da inda ya kama, a ranar da rana ta fito, don wurin saran ya bushe da wuri.

Gwaibar da ta faɗo da tsutsa a ciki ba na barinta ta kwana a ƙasa, tunda a nan tsutsar ke shiga ta zama ƙuda. Nakan tara ta a baƙar leda, in ɗaure, in bar ta a rana kwana bakwai. Takin yuriya kuma na daina sa shi daga Satumba, sai taki na gida da ya ruɓe sosai, domin sabon toho mai laushi darɓa yake jawowa.