Garin 'ya'yan darbejiya a ramukan ƙauyenmu

Duk gidan ƙasa da ka gani a ƙauyenmu, akwai ramin da aka haƙo ƙasarsa a nan kusa. Muna ƙasar Ringim, ba nisa da Kogin Haɗejiya, kuma da marka ta kankama a watan Agusta sai ramukan nan su cika, kwatoci su tsaya cik, har sawun shanu da na amalanke su riƙe ruwa. Ni malamin firamare ne, kuma a rajistar aji nake fara ganin abin da ke biyo baya: yau ba wane, gobe ba wance, duk zazzaɓi.

Ana raba gidan sauro, ana kuma bi gida-gida da damina ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi wata-wata. Allah ya saka wa masu wannan aiki. Sai dai duka biyun suna jiran sauro ne bayan ya yi fiffike, alhali kafin nan yana cikin ruwa kusan mako guda ko kwana goma, daga ƙwai zuwa tsutsa, ba ya iya zuwa ko'ina.

Abin da ya zaburar da ni wani bincike ne da aka wallafa a 2008, wanda aka yi a ƙauyen Banizumbu da ke gabas da Yamai a Nijar. Mutanen garin suka riƙa daka 'ya'yan darbejiya suna barbaɗawa a tafkunan damina sau biyu a mako, sai sauron da ke kawo zazzaɓi ya ragu da kusan rabi. Ƙasarsu irin tamu ce, bishiyar kuwa ga ta a ƙofar masallaci, ga ta a makaranta, tun da aka kawo irinta daga Indiya zamanin Turawa ba ta bar mu ba.

Na fara da bokitai a bayan aji. Na ɗebo ruwan rami da tsutsotsinsa, wani bokitin na zuba masa ruwan dafaffen ganye, wani garin ƙwallon, wani kuma na bar shi haka nan don in sami abin kwatantawa. Kowa a gari ya ce ganyen ne zai yi, tunda shi aka saba dafawa. Ganyen bai taɓuka abin kirki ba. Ƙarfin yana cikin ƙwayar da ke cikin ƙwallon, inda sinadarin da ake kira azadiraktin ya fi taruwa.

Yadda yake kisa shi ne abin da ya fi wuyar fahimtar da mutane. Mun saba da fiya-fiya: ka fesa, ƙwaro ya faɗi a gabanka. Darbejiya ba haka take ba. Washegari tsutsotsin suna nan suna ta wutsil-wutsil, har yara suka ce, "Malam, ai maganinka bai ci ba." Tsutsar sauro tana saɓa sau huɗu kafin ta gama girma, shi kuwa wannan sinadari ci yake rage mata, ya kuma dagula mata saɓar. Bayan 'yan kwanaki sai na riƙa ganinsu a gindin bokitin, wasu sun mutu da tsohuwar fata maƙale a rabin jiki. 'Yan kaɗan da suka kai ga fitowa sun fito da fiffike a lanƙwashe, suna ta faɗawa ruwa. Bokitin da ban taɓa ba kuwa, da na ɗaga yadin da na rufe shi da shi, sauro ne lafiyayye ya taso.

Da wannan na je wurin mai unguwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba kuɗi muke nema ba, izini ne da 'yan samari." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, Malam, amma ban da inda dabbobi ke sha." A kan haka muka tsaya, kuma ya yi gaskiya.

Tara ƙwallon ba wuya. Jemagu da tsuntsaye suna shanye naman su zubar da shi a gindin bishiya, yara su tsinto. A wanke, a shanya a inuwa har ya bushe sarai, a zuba a buhu mai shan iska, don a leda fumfuna yake yi. Ranar aiki a ɗan sussuka shi a turmi ɓawon ya fashe, a sheƙe, sannan a daka ƙwayar. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta ba mu tsohon turminta, ta ce, "Ɗan nan, ku riƙe shi duka, turmin da ya ga darbejiya ba ya komawa dakan fura." Garin yana da maiƙo da wari mai ƙarfi, kuma ba a barinsa inda ƙananan yara za su kai baki, domin man darbejiya yana yi wa jarirai mummunar illa in sun sha.

Barbaɗawa ake yi sama-sama, kamar yaji a kan tsire, an fi ba da ƙarfi a gefe-gefe inda ruwa bai da zurfi kuma ciyawa ta fito. Rana tana kashe ƙarfin maganin cikin 'yan kwanaki, ruwan sama mai yawa kuma yana tsinka shi, don haka abu ne na maimaici. Samarin da suka fara da zafi, kafin ƙarshen Satumba saura 'yan tsiraru, ga aikin gona ya taso. Wannan, a ganina, ya fi komai barazana ga aikin.

Amma babban abin da na ƙaru da shi sanin ruwan da ya kamata a bi. Da farar roba muke ɗiba mu duba. Tsutsar da ke rataye kai ƙasa, wadda ta cika kwata da bayan shadda, ta sauron da ke hana barci ce da kuka a kunne. Ta anofilis, mai kawo zazzaɓin, kwance take miƙe a saman ruwa, kuma ta fi son ɗan ruwa mai haske da rana ke duka: sawun kofato, ramin bulo, inda ruwan famfon tuƙa-tuƙa ke taruwa. Wurin da kowa ke toshe hanci ya wuce ba lalle ne shi ke kwantar da yaranmu ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan ƙananan wurare ma ba sa buƙatar magani, shebur biyu na ƙasa ko 'yar hanya da za a yanka wa ruwan ya wuce ta wadatar.

Babban kududdufin yamma ba mu taɓa shi ba. Akwai tarwaɗa a ciki, akwai 'ya'yan mazari, duk suna cin tsutsar sauro, kuma da muka ɗiba ba mu sami wani abin kirki ba sai a bakin gaɓa. Wani ya kawo shawarar a jiƙa aduwa a zuba. Gaskiya ne tana kashe tsutsa, har da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, amma tana kashe kifi, sai muka bar ta. Randa da rijiya kuwa ba a sa musu komai: murfi, da juye randa a goge cikinta duk mako.

Zazzaɓi bai bar garin ba. Fadamar shinkafa tana nan, ta fi ƙarfin turminmu, kuma sauro na iya tasowa daga can. Shi ya sa ba na yarda kowa ya ce don mun barbaɗa gari zai naɗe gidan sauronsa, ko ya ƙi kai yaro asibiti a gwada jininsa in jikinsa ya yi zafi. Raina yana ɓaci in na ji an ce darbejiya ta gama komai, domin yaro ne zai biya kuɗin wannan magana.

Bana mun roƙi mai unguwa ya sa masu yin bulo su riƙa haƙa a rami ɗaya maimakon kowa ya buɗe nasa a bayan gida, a kuma cike tsofaffin tun da rani. Masu gini ba su ji daɗi ba, don ɗauko ƙasa daga nesa kuɗin amalanke ne, kuma har yanzu ana kan maganar.