Shekara uku ina sayar da atamfa a waya, ga inda na sha ƙasa

Jiya na cire lambata daga shafina na Instagram. Shekara uku da ƴan watanni ina sayar da atamfa da leshi da shadda daga ɗakina, kuma wallahi ba rashin kwastoma ne ya sa na rufe ba, oda har yawa take min.

VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan sayarwa, shi ne ya karya ni, ko in ce rashin sanin bambancin ciniki da riba. Tun lokacin da na yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, aka faɗa min a dokar lokacin wanda bai kai miliyan 25 a shekara ba babu ruwansa da karɓar VAT, ni kuma a kaina riba ake nufi, har dariya na yi na ce ina ni ina ribar miliyan 25. Ashe duka kuɗin cinikin ake haɗawa. Kuma kun san harkar atamfa, kuɗin turmi da kauri amma abin da zai rage miki bai wuce dubu ɗaya da ɗari biyar ba, ankon biki biyu uku kawai ki ga alat na ta shigowa kamar kin zama wata hajiya alhali rabin kuɗin gobe da safe zai koma Kwari. A 2022 cinikina ya kai miliyan 31, ban sani ba, na ci gaba da sayarwa duk 2023 ban ɗora wa kowa kashi 7.5 na VAT ɗin ba.

Akwai Alhajin da nake saro kaya a wurinsa, sa'an babana ne, na taɓa tambayarsa maganar haraji ya ce "ke ƴar nan, kina sayar da kaya a waya wa ya san da ke, bar wa ƴan boko wannan surutun." Na yarda, ai babba ne. Kuma tsawon shekarun nan bai taɓa ba ni rasit na kirki ba, sai dai ya yago takarda ya rubuta jimla da biro.

Asiri ya tonu ne da wani kamfani ya nemi turmi 120 na ma'aikatansa, suka ce sai inbois mai TIN, wato lambar mai biyan haraji, da VAT a jiki. Na kwashi sitatimen ɗin banki na kai wa mijin ƙawata da yake akanta ne, ya jima yana ja wa lambobi layi bai ce komai ba, can ya cire tabarau ya ce "Hajiya, tun bara ya kamata kina kai wa hukumar haraji ta FIRS rahoto duk wata kafin ranar 21 ta wuce." A lokacin tarar rashin kaiwa dubu 50 ce a watan farko, sai dubu 25 duk watan da ya biyo baya, ga VAT ɗin kansa da ban karɓa a hannun kowa ba, daga aljihuna zai fito. Ya ce da ina da rasit mai nuna VAT ɗin da na biya wurin sari da an rage min, na zazzage masa takardun Alhaji a tebur, ya kalle su kawai. Sarƙata ta aure na sayar. Na biya dai har kwabo, ba wanda ya bi ni gida.

Sauran kuma ƙanana ne amma su ma suna ci. Tallan Facebook tun Janairun 2022 da VAT a kansa. Naira 50 ɗin da ake cira a turansifar dubu goma zuwa sama, ki tara ta shekara ki gani. Kar ki yi alkawarin kai kaya kyauta, ni na yi, aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota a tasha ya ninka ni ce na cika. Ki raba asusun shago da naki, don kuɗin adashi da gudummawar biki da suka shigo asusuna sai da muka kwana biyu muna tsince su ɗaya bayan ɗaya. Data ma kuɗi ce.

Alhaji ya kira ni shekaranjiya wai sabbin kaya sun iso yaushe zan leƙo. Na gaishe shi da ladabi, na tambayi iyali, na ce sai na shigo. Akwai sauran turmi goma sha ɗaya a ƙarƙashin gado, mai so ta yi min magana, a kuɗin sari zan bayar, da rasit.