Kwana uku a Kano saboda lasisi

Motar da na shiga a tashar Kankiya ba ta cika ba sai wajen bakwai da rabi, ga shi an ce ƙarfe tara za a buɗe bita. Tun daga nan na san na makara. Golf ce irin wadda ake cusa mutum huɗu a baya, aka ba ni jikin ƙofa, jakata a kan cinya. A ciki akwai farar rigar aiki, da kwafin lasisina da saura wata biyu ya ƙare, da ƙullin daddawa da kuka da zan kai wa Gwaggo a Gwammaja.

Lasisin nan ne ya fito da ni, ba zan ɓoye ba. Lokaci-lokaci nas ke sabunta shi, kuma hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ba ta sa hannu sai ta ga shaidar ka halarci bitar ƙarin ilimi. Likitoci ma da tasu, su duk shekara suke tara maki. Na zaɓi darasin lafiyar ƙwaƙwalwa ne kawai don shi ya faɗo a makon da nake hutu.

Muka wuce Gidan Mutum Ɗaya, muka wuce Tsanyawa da Bichi ina gyangyaɗi. Cunkoson Dawanau ne ya tashe ni, tireloli sun jeru ana lodin riɗi da wake da zoɓo. Wani mai adaidaita sahu ya shiga gabanmu babu sigina, direbanmu ya leƙa ta taga ya ce, "Kai dai nan ya kamata a sauke ka, ga asibitinku can!" Mota ta kwashe da dariya, har da ni. A ƙasar Kano in aka ce Dawanau, ko dai hatsi ake nufi ko taɓin hankali, kuma na biyun ya fi yawa a bakin masu tsokana.

Na sauka a Ƙofar Ruwa, adaidaita ya bi da ni ta gadar Ƙofar Nasarawa ya ɓulla Dangi, ya ajiye ni a wani zaure a kan titin Zariya, ba nisa da Asibitin Malam Aminu Kano. Goma da rabi ta gota. Kujerar da ta rage tana kusa da wata nas mai fara'a, da ta ji harshena ta ce, "Au, Bakatsiniya ce? Sannu da zuwa baiwata, sai yanzu kika gama shara?" Na ce lallai Bahaɗejiya ce wannan, ai kuwa ita ce. Kwana ukun nan ba mu rabu ba.

Mun kai mu sittin a zauren. Mafi yawa nas-nas ne, amma an gayyato ma'aikatan walwalar jama'a na asibitoci, da 'yan kaɗan masu nazarin halayyar ɗan Adam. Likitan ƙwaƙwalwar da ke gaba ya fara da lissafin da kowa ya sani amma ba a son ji: likitoci irinsa a Najeriya ba su kai 300 ba, mutanen ƙasa kuwa sun haura miliyan 200. A Arewa manyan asibitocin wannan fanni ana iya ƙirga su da yatsu, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, na Maiduguri, ga Dawanau. Matar da ke ƙauyenmu ba za ta taɓa ganin ɗayansu ba, ni za ta gani. Don haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani littafin jagora a 2010, ana ce masa mhGAP, domin ma'aikacin ƙaramin asibiti ya iya gane ciwon damuwa, da taɓin hankali, da farfaɗiya, da matsalar shaye-shaye, ya san abin da zai iya yi da kansa da wanda dole ya tura gaba.

Sai ya tambaya, mutum nawa ne a nan suka karanta sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa? Hannu huɗu na gani a sama. Ni ban ma san an yi ta ba. Shugaba Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, wadda tushenta ke komawa ga dokar Turawan mulkin mallaka ta 1916. Tsohuwar ba abin da ta sani sai kamawa da tsarewa. Sabuwar ta yi maganar haƙƙin majinyaci, da neman yardarsa kafin a yi masa magani, da hana nuna masa bambanci. Ashe duk abin da aka koya mini a makarantar jinya a kan wannan babi, a ƙarƙashin inuwar waccan tsohuwar dokar aka koya mini shi.

Kada in yi kamar komai ya tafi daidai. Sau uku wuta ta ɗauke ranar farko, janareta kuma sai da aka yi ta lallashinsa. Akwai waɗanda ke zuwa da safe su sa hannu a rajista su ɓace, sai la'asar su dawo da ledojin Kantin Kwari. Takarda ɗaya za a ba mu da su. Ban ga laifinsu sosai ba, tunda da irin niyyarsu na baro gida.

Da magariba na isa Gwammaja. Gwaggo ta karɓi daddawarta ta sansana, ta ce ta Katsina dai ba ta da na biyu, sannan ta dube ni. "'Yar nan, shekara goma sha takwas kina yi wa mutane allura, wane karatu kuma ya rage miki?" Na ce na masu taɓin hankali ne, Gwaggo. Ta yi a'uziyya, ta ɗan yi shiru, sai ta rage murya ta ba ni labarin wani yaro a layinsu da ya fara da kwalbar kodin, ya koma tiramol, yanzu uwarsa ke kulle shi a ɗaki in za ta fita. An hana kodin na tari tun 2018, bayan wani rahoton BBC da ya nuna yadda matasan Kano ke shan sa, amma yaran ba su rasa abin da suka koma wa ba. Binciken da aka yi a ƙasa baki ɗaya a shekarar ya nuna mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi. Gwaggo ba ta san wannan adadi ba, ta dai san uwar yaron ta rame.

Rana ta biyu ce ta kama ni. Likita ya ce za a yi kwaikwayo, Bahaɗejiyar nan ta ɗaga hannuna da ƙarfi kafin in ankara. Aka ajiye kujeru biyu a gaba. Wadda za ta fito a majinyaciya wata Hajiya ce ma'aikaciyar walwalar jama'a, ta kusa ritaya, mutuniyar cikin gari. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta zauna a bakin kujera kamar mai shirin gudu, ta ce a hankali, "Sista, jikina ne duk ba daɗi. Kaina kamar an ɗora dutse, ga jiri, dare ya yi ba barci."

Na yi abin da na saba. Na tambayi zazzaɓi, na ce a gwada maleriya da taifot, na rubuta farasitamol da maganin ƙarin jini. Minti biyu na sallame ta. Likita ya ce, "Madalla Sista, wannan ne zuwanta na huɗu, duk gwaji lafiya lau. Sai me?" Na rasa ta cewa.

Ya bayyana cewa mai ciwon damuwa a wurinmu ba ya zuwa ya ce ina da damuwa, jiki yake kawowa. Abin nema shi ne baƙin ciki da ya zauna, ko rashin sha'awar abin da mutum ya saba so, har tsawon mako biyu ko fiye, har ya hana shi harkokinsa. A duba ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo tukuna, a tambayi ko an taɓa samun lokacin da ta yi ta zumuɗi da surutu babu barci, don irin wannan ba a ba shi maganin damuwa haka nan. In an fara magani ba a yanke shi da an ji sauƙi, sai a ci gaba wata 9 zuwa 12. Allurar bitamin kuwa, wadda mu ke yi don majinyaci ya tafi da farin ciki, littafin ya ce a daina.

Daga nan aka zo kan tambayar da ta tayar da zaure. Ya ce dole a tambayi majinyaci ko yana tunanin kashe kansa, kuma tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Wani daga baya ya ce, "Subhanallahi, Likita, Musulma zan kalla in yi wa wannan tambaya? Ai sai mijinta ya kai ni ƙara wurin mai unguwa." Takardar da aka raba mana da Turanci take, kuma in ka juya tambayar kai tsaye zuwa Hausa, zagi take zama.

Hajiya ce ta warware. Ta sauke mayafinta ta ce ita ba ta taɓa farawa daga can ba. Takan ce, "'Yar uwa, tunani ya yi miki yawa ko?" In ta gyaɗa kai, sai ta ce, "Akwai ranar da kike jin duniyar ta ishe ki?" In an sake gyaɗawa, "Kin taɓa kwanciya kika ji da ma kada gari ya waye da ke?" Sai a nan take kiran abin da sunansa, kuma ta ce ba ta taɓa yi a gaban miji ko uwar miji ba. Ta tuna mana cewa sashe na 231 na kundin Penal Code ya mai da yunƙurin kashe kai laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ga kunya, ga tsoron abin da za a ce a unguwa, don haka iyali kan ce kuskure aka yi. In amsar ta zama e, ba a barin mutum shi kaɗai, kuma a sa wani amintacce ya kwashe maganin ƙwari da duk abin haɗari daga gidan. Na cika shafi biyu da maganarta, da Hausa, a cikin littafin da duk sauransa Turanci ne.

Lokacin abinci na bi ta har inuwar wata darbejiya, muka ci gurasa bandashe da ta aika aka sayo. Na ce, "Hajiya, a ina kika koyi wannan?" Ta ce a zaurukan mutane. Aikinta yana farawa ne daga inda namu ya tsaya: majinyacin da aka sallama dangi suka ƙi zuwa ɗauka, sai ta bi ta wurin dagaci ta nemo su. Wanda ke karɓar allurar wata-wata ya daina zuwa, a ce taurin kai ne, ta je ta tarar kuɗin mota ne babu. Matar da ta rikice bayan haihuwa, kafin ta warke takardar saki ta riga ta isa gidan iyayenta. Na tambaye ta masu ruƙiyya fa? Ta ce ba ta faɗa da su, don duk wanda ya zo asibiti ya riga ya biya ta wurinsu, kuma zai koma. Takan je ta gaida malam, ta roƙe shi ya ci gaba da addu'a amma ya ce wa iyali kada a bar ƙwaya. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne mari da duka, irin abin da aka bankaɗo a gidajen mari na Kaduna da Katsina da Kano a 2019. Likita ma ya faɗa mana da rana cewa tun 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Farfesa Lambo, ya gwada irin hanyar Hajiya a Aro ta Abekuta, ya zaunar da majinyata a ƙauyuka tare da danginsu, ya yi aiki da masu maganin gargajiya.

Rana ta uku aka yi jarrabawa, aka ce takardun shaida ba su iso ba, sai dai a turo mana ta waya. Aka yi ta gunaguni. Na yi sallama da Bahaɗejiya, ta ce in gaida sauran bayinta na Katsina. Gwaggo ta cika mini leda da gurasa, ta kuma sa na rubuta wa maƙwabciyarta inda za ta kai ɗanta da ranar da ake ganin likita.

A Dawanau cunkoso ya sake tsayar da mu, direban wannan karon bai ce komai ba, rediyo yake saurare. Ni kuwa wata mata nake ta gani a raina, mai goyo, da ke zuwa mana da ciwon kai tun bayan da kishiya ta tare. Ni da hannuna na yi mata allurar bitamin, ta yi godiya har da durƙusawa. Da muka kai Bichi na kira abokiyar aikina na kwatanta mata ita, na ce ta duba mini katinta. Kafin Tsanyawa ta kira ni.

"Sista, na gan shi. Zuwanta biyar daga ƙaramar Sallah zuwa yanzu. In ta dawo in sake yi mata allurar?"

Na ce a'a, ta ba ta kujera a ɗakin ciki ta kira ni, kuma in da mijin suka zo, a ce ya jira a waje.